Rufin Gidan Bando

…ƙyauren kuma ya ƙi. Jiya ma sai da ya sa kafaɗa, amma yau ko kafaɗar ba ta yi ba. Teiji yana tsaye a ɗakin tsakiya, hannu biyu a kan ƙyauren takarda, yana tura shi hagu, yana tura shi dama, ƙyaure yana nan daram kamar an kafe shi da ƙusa. Ko yaro a garin nan ya san fassarar wannan. Ƙyaure ba ya cijewa haka kawai. Dusar ƙanƙara ce ta yi wa rufi nauyi, rufi ya danne azara, azara ta danne bakin ƙofa. Gida ne yake cewa a hau.

A hau — wa zai hau?

Shekara saba'in da tara. Gwiwar hagu da take ƙara kamar tsohuwar kujera. Da alkawari… alkawarin ne ma ya fi gwiwar ciwo. “Baba, ka ji ni da kyau. Ranar da na ji ka taka tsanin nan, ranar zan zo da mota in kwashe ka, kai da hoton Mama. Gidan kuma a rushe shi, kowa ya huta.” Mitsuo ke nan, ɗansa tilo, ta waya daga Sapporo, da muryar nan tasa ta mutumin ofis wadda ba ta hawa ba ta sauka. Kowa ya huta. Wa ya ce masa ya gaji? Amma ya amsa, ya ce to. Da bakinsa ya ce to.

Ya kira ofishin gari tun da safe. Wata yarinya mai ladabi: a yi haƙuri, a yi haƙuri ƙwarai, masu sauke ƙanƙara duk sun fita, sai mako mai zuwa. Rediyo kuma ya ce wata ƙanƙarar tana tafe da yamma, mai jiƙa, mai nauyi. Mako mai zuwa! A faɗa wa azara ta jira mako mai zuwa.

Safa. Ina ɗayar? Ga ta, a bayan murhu.

Gidan Bando. Har yau haka suke kiransa — mai kawo wasiƙa, direban tasi, har likita. Bando Kamekichi, wanda ya bar garin nan tun ba a haifi kakan direban tasin ba. Mutumin kudu ne, daga Awa, ƙasar masu noman shuni, inda sanyi yake zuwa ya gaishe ka ya wuce. Ya zo da gatari da mata da tukunya, zamanin da nan duk kurmi ne, sai kogi, sai mutanen Ainu da suka raɗa wa kogin suna. Su kuwa ba wanda ya tambaye su ko a gina ko kada a gina… wannan wata magana ce, mai nauyi, ba ta yau ba. Ko ta yau ce? A bar ta. Bando ya sare itatuwa, ya tayar da gida irin na garinsu. Irin na garinsu! Doguwar baranda a buɗe don shan iska. Ƙyamaren takarda ta ko'ina. Daɓe a ɗage don iska ta ratsa ta ƙarƙashi. Gidan gudun zafi, a ƙasar da numfashi yake daskarewa a gashin baki.

Wauta? Tsoho Genzo, uban matar Teiji, wauta yake ce mata. Teiji bai taɓa iya faɗin haka ba. Me mutum zai gina in ba abin da idonsa ya saba gani ba? An ce sukan farka su tarar da ƙanƙara a kan bargo. An ce kabewa suka yi ta ci har tafin hannunsu ya koma rawaya. An ce jaririyarsu, a hunturun farko… dutsen kabarinta yana nan bayan gida, ɗan ƙarami, bai kai tulu ba. Yanzu sai an haƙa kafin a gan shi. Bando ya daure iyakar daurewarsa, wata rana ya tattara ya koma kudu. Ya bar 'ya a ƙasa, ya bar suna a bakin mutane.

Wace rana? Abin da Teiji ya daɗe yana so ya sani ke nan. Ba shekarar ba — ranar. Mutum ya tashi da safe gida nasa ne, ya kai yamma ya san ba nasa ba ne. Me ya faru a tsakani?

Riga ta biyu. Hula mai rufe kunne. Ba hawa zai yi ba. Dubawa kawai zai yi daga ƙasa. Duba ba hawa ba ne, ko Mitsuo ba zai ce duba hawa ne ba.

Yana ratsa ɗakin ƙasa, hannunsa yana shafar ginshiƙi a wurin da ya saba shafa, wurin da itacen ya cinye ya yi santsi. Haƙoran dawaki ne. Nukui Torazo, mai fataucin dawaki, shi ya karɓi gidan daga hannun Bando — da dawaki biyu da keken shanu, in ji masu faɗa, ko da yake masu faɗa ba su rasa ƙari. Shi mutumin ƙasar ƙanƙara ne, ya san abin da yake yi. Ya toshe barandar da katako, ya shigo da dawakinsa cikin gida suna ɗumama shi da numfashinsu, suna gaigayar ginshiƙi don kewar ciyawa. Sai yaƙi. Aka zo aka ɗauki dawakin. Aka dawo aka ɗauki ɗansa. Ba doki, ba ɗa, ko ɗaya bai dawo ba. Torazo ya kwanta bai tashi ba. Matarsa Sada ta rage ita kaɗai, kuma ita take hawa rufin — mace, da wandon noma, da igiya a ƙugu, duk hunturu, har ranar da hannunta ya daina riƙe shebur. Da za ta miƙa wa Genzo gidan, abu ɗaya ta roƙa: dutsen bayan gida, a riƙa zuba masa ruwa lokacin bikin magabata. Jaririyar Bando. Ba 'yarta ba ce, ba ta taɓa ganinta ba, ko sunanta ba ta sani ba…

Wa zai zuba bana?

A'a. Ba yanzu ba. Takalmi.

Ƙofar waje tana buɗewa da kyar, haske yana dukan ido. A jikin itacen ƙofa, ga ramukan ƙusa, wasu a kan wasu, inda kowane mai gida ya kafa allon sunansa ya cire na wanda ya riga shi. Na Bando sun yi baƙi. Na Nukui manya ne, ƙusar kofaton doki. Na Genzo… Shekaru Teiji yana goge allon nan kowace sabuwar shekara, yana hura masa numfashi yana gogewa, yana zaton sunansa ne a kai. Ina zai sani? Yaron ramin kwal ne, tun bai kai ko'ina ba yake tura kura a ƙarƙashin ƙasa. Karatu sai da furfura ta fara fito masa ya same shi, a ajin manya na ɗakin taron gari, yana riƙe fensir kamar mai riƙe diga. Ranar da haruffa suka fara buɗe masa baki, ya dawo gida ya tsaya a nan, daidai nan, ya ɗaga kai yana haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Tsurumaki — wannan ya sani, sunan gidan matarsa, wanda ya ɗauka ranar aure. Sai na ƙasa. Genzo. Tsohon ya shekara goma sha wani abu a kabari, yana nan a ƙofa yana karɓar baƙi.

“Ai ba ka tambaya ba,” in ji Fusae, matarsa. Ta yi dariya, ta rufe baki da bayan hannu, sai kuma ta daina dariyar. Ta ɗauko masa tawada da buroshi da sabon allo. “To, maigida. Rubuta.”

Ga shi nan. A karkace. Harafi na biyu kamar zai faɗi.

Fusae, kada ki dube ni haka. Dubawa zan yi.

Yana dubawa. Rufi ya ɓace. Tudu ne fari a zaune a kan gida, ya zarce bakin kwano ya lanƙwaso ƙasa kamar leɓen raƙumi. Tsawon mutum? Ya kusa. Kuma tsani yana jingine a rumfa inda yake kullum, kuma hannunsa ya riga ya kai gare shi, bai san lokacin da ya kai ba.

“Teiji-san! Ina za ka da tsani?” Kinuyo ce, maƙwabciyarsa ta tsallaken hanya, ta leƙo ta taga da mayafi a ka, ta girme shi da shekara biyar, bakinta bai tsufa ba.

“Bututun hayaƙi zan duba.”

“Bututun hayaƙi! Da shebur? To, in za ka faɗo, ka faɗo ta ɓangarenka. Ni ba ni da ƙarfin jan gawa, bayana ya ƙi.”

“Rufe tagar, kina ɓarnar kananzir.”

“Zan kira ɗanka, ka ji na faɗa maka!”

Ba za ta kira ba. Ko za ta kira? Tagar ta rufe. Labule ya motsa.

Ba a hawa rufi mutum ɗaya; wannan ba doka ce ta ofis ba, doka ce ta waɗanda aka tono gawarsu daga ƙanƙara da bazara. Sai da wani a ƙasa, mai riƙe tsani, mai ido. Fusae takan tsaya can, hannu a cikin hannun riga, tana ihu: “Hagu! Kai, kurma, na ce hagu!” Shekara hamsin tana ce masa kurma daga ƙasa… Yana tattake ƙafar tsani cikin ƙanƙara har ta zauna. Yana ɗaura igiya a ƙugu, ƙulli biyu, irin na rami. Mataki. Gwiwa ta yi ƙara. Mataki. Alkawari — to, alkawari an yi shi ne a kaka, lokacin da ƙyaure yake zamewa da yatsa ɗaya. Wanda ya yi alkawarin bai san da yau ba. Wannan hujja ce? Ba hujja ba ce. Ya san ba hujja ba ce. Mataki.

“Mai mudun dusa ɗaya ma ba ya shiga gidan mace, Teiji! Za ka wanke wa tsoho ƙafa, su ba ka suna kamar ɗan kare!” Abokan rami ke nan, a gidan wanka, baƙin ruwa yana zuba daga jikinsu, suna dariya har da dukan cinya. Ya shiga. Genzo ba shi da ɗa namiji, sai Fusae. Yana neman kafaɗa, ga kafaɗa ta zo. Genzo ne ya lulluɓe tsoffin katakan rufi da kwano, ya shafa masa jan fenti, yana tsayawa a hanya yana kallonsa kamar wanda ya gina fada. Hunturun farko ya miƙo shebur ko kallonsa bai yi ba: “Kai, suruki. Sunana ka ɗauka kyauta. To ɗauki wannan ma.”

Ya ɗauka. Bai ajiye ba.

Sama. Ya iso — ya iso! Iska a nan dabam take, tana da haƙori. Yana sare leɓen ƙanƙarar da ya toshe masa hanya, yana tattaka wurin tsayawa, yana zagaya igiya a gindin bututun hayaƙi. To, ga shi ya duba bututun. Bai yi wa Kinuyo ƙarya duka ba. Shebur yana shiga. Yanka nan, yanka nan, yanka ta ƙasa, kamar mai yanka awara. A tura, ta tafi da kanta, ta faɗi ƙasa da wani tim mai daɗin ji. Kada a kankare har kwano. A bar kamu ɗaya a ƙarƙashin ƙafa, kwano tsirara santsi ne, santsi kuwa mutuwa. Jiki bai manta ba. Ka gani, Mitsuo? Kai da ka ce… Yanka, tura, tim. Yanka, tura. Zufa a ƙarƙashin hula. Rabonsa da jin jininsa yana gudu haka tun — tun yaushe? Tun kafin asibiti, tun kafin hoton Fusae ya hau kan akwatin magabata kusa da turaren wuta.

Ɗaki a can saman bene, a Sapporo. Ya gan shi. Mai tsabta ne, mai ɗumi, ƙasan ma ɗumi take fitarwa. Matar Mitsuo ta sa masa labule mai ruwan ganye, yarinyar kirki, ba abin da ta yi masa. Taga ba ta buɗewa sai rabi. Ya tsaya yana kallon rufin mutane daga sama, duk a shafe, ba wanda yake bukatar kowa. Me zai yi da hannuwansa a can? A ina zai ajiye su?

Yanka, tura. Gefen kudu yana buɗewa, rana tana ɗan taɓa shi, ga inuwar jan fenti tana leƙowa ta ƙarƙashin farin. Kaɗan ya rage. Wannan layin, sai wancan, sai…

Ƙara.

Ba daga ƙasa ba. Daga cikin gida, daga ƙarƙashin ƙafarsa, doguwa, a hankali, kamar tsohon da yake juyawa a shimfiɗa. Ta yi shiru. Ta sake.

Teiji ya tsaya da shebur a sama.

“Ɗauki nan, tsallaka ka ɗauki can! Doki ake sauke wa kaya gefe ɗaya? So kake ka karya masa baya?” Muryar Genzo, da sandar da yake nuni da ita daga ƙasa. Kaɗan a kudu, kaɗan a arewa, a tsallaka tsororuwa a dawo, a tsallaka a dawo, don nauyi ya sauka daidai. Abu na farko da aka koya masa. Abu na farko! Shekara hamsin bai taɓa kuskure shi ba, yau daɗin aiki ya ɗebe shi kamar sabon shiga. Ya kwashe kudu kusan tas, ya bar arewa da kayanta duka. Arewa kuwa nan ne barandar Bando. Katakon Nukui rufa ido ne kawai. A cikinsa siraran ginshiƙan nan ne na mutumin kudu, waɗanda aka yi don su ɗauki inuwa. Yanzu gida yana karkata a kansu. Da bai hau ba, da nauyin yana zaune daidai. Da bai hau ba…

To, a tsallaka. Ba komai. A tsallaka yanzu, a rage arewa, a daidaita. Yana jan jiki zuwa tsororuwa, gwiwa da hannu, shebur yana biye. Ya kai. Ya ɗora ƙafa ɗaya can, ɗaya nan, kamar mahayi. Ya duba gefen arewa: fari, mai kauri, daskararre, ba a taɓa shi ba, ya miƙe har bakin rufi kamar gonar da ba a sa wa garma ba.

Tashi.

Ƙafa ba ta amsa ba.

Tashi mana. Gwiwar hagu ta zama ta wani. Yatsu sun ƙi naɗuwa a kan ƙotar shebur. Yana umartarsu, yana kallonsu, suna kallonsa. Zufar da ta yi daɗi ɗazu ta koma ruwan sanyi tana bin gadon baya. Numfashi yana shiga rabi ya tsaya. Ƙarfin da ya zo da shi na gefe ɗaya ne. Ashe na gefe ɗaya ne, kuma ya kashe shi duka, da murna, yana yi wa ɗansa gori a zuci.

Daga nan ana ganin gari gaba ɗaya. Bai taɓa tsayawa ya duba ba. Mai aiki ba ya kallo. Hayaƙi a gidan Kinuyo. Hayaƙi a haikali. Can wajen tasha, ɗaya, biyu… sauran bututun duk a bushe. Gidan mai awara ya durƙusa ta tsakiya tun bara, ba wanda ya zo ya ɗaga shi. Makaranta a rufe. Kurmin da Bando ya kora yana dawowa ta bakin kogi, a hankali, ba ya sauri, me zai sa ya yi sauri?

Ashe a nan ne. Ba a ɗaki ba, ba a gaban iyali ba, ba da shawara ba. A nan sama, da shebur a cinya, da hannun da ya daina jin magana. Sada ta zauna a nan. Wataƙila daidai nan. Ba wanda ya sayar da gidan nan, ba wanda ya bayar da shi — sauka kawai suka yi, ba su sake hawa ba.

Amma su sun sauka.

Rana ta shige cikin gajimare. Sararin yamma ya yi duhu kamar gindin tukunya, rediyo bai yi ƙarya ba, har ma ƙanƙarar ta riga lokacinta. Ƙwaya ɗaya a kan hannun riga. Wata a kan shebur. Manya, masu jiƙa. Suna sauka a gefen da ya kwashe, suna rufe jan fentin, suna mayar da abin da ya ɗebe ba tare da sun tambaye shi ba. A kira Kinuyo? Ta kira 'yan kwana-kwana, su zo da jiniya, gari ya fito kallo, kafin ya taka ƙasa labari ya kai Sapporo. A yi shiru? A ɗan huta, ƙarfi ya dawo, a rage ko layi ɗaya a arewa, ko rabin layi… ƙarfi yana dawowa a irin wannan sanyi? Ya san amsar. Ya taɓa taya tono.

Gida ya sake yin ƙara. Wannan karon ya ji ta a ƙashin bayansa.

Sai wani abu ya fara rawa a ƙirjinsa. Zuciya? A'a — waya ce, a aljihun ciki, inda Mitsuo ya ce kada ta rabu da shi. Lokacin hutun cin abincin yaron ne a ofis. Kullum yakan kira. Baba, ka ci abinci? Baba, kana ina? Zai ji iskar. Ko bai ce komai ba zai ji iskar, yaron a gidan nan aka haife shi, ya san kukan iskar tsororuwa. Teiji yana cire safar hannu da haƙori. Safar ta suɓuce, ta gangara gefen arewa, ta tsaya a tsakiyar farin, ba ta kai ƙasa ba. Waya tana tafin hannunsa, tana haske, tana rawa, ƙanƙara tana sauka a kan gilashinta tana narkewa. Kana ina? Ina gida. Gaskiya ce ai, ina gida, ban taɓa zama a gida kamar yanzu ba… Tana rawa. Za ta gaji ta daina, ta sake farawa; yaron ba ya haƙura, nan ya gado uwarsa. Babban yatsa yana sama da gilashin, fari fat, ba ya jin komai, kuma Teiji yana kallonsa, yana jira ya ga abin da zai yi —